Ɓera Ba Ya Cewa "Na Ji Sauƙi": Yadda Ake Gwada Magungunan Taɓin Hankali a Matsayin 'Yan Rakiyar Maganin Raɗaɗi

Duk mai riƙe da babbar waya ya saba cin karo da irin wannan saƙo a WhatsApp ko Facebook: "Bincike ya gano cewa magani kaza yana kashe raɗaɗin ciwo." Kafin ka ankara an tura shi zaure goma, wani ma har ya tsaya a kemis ya tambayi farashi. Abin da saƙon bai cika faɗa ba shi ne a jikin wa aka yi binciken. Sau da yawa ba a jikin mutum ba ne, a jikin farin ɓera ne da nauyinsa bai wuce giram 30 ba.

A yau za mu ɗauki misali ɗaya mu warware shi, wato gwajin da masana harhaɗa magunguna ke yi don ganin ko magungunan taɓin hankali, irin su haloperidol da chlorpromazine da olanzapine, za su iya taimaka wa maganin raɗaɗi ya ƙara aiki. Za mu duba na'urorin da ake amfani da su, da yadda ake karanta sakamakon, da kuma wani tarko da ke cikin wannan gwaji wanda idan ka gane shi, da wuya wani saƙon "bincike ya gano" ya sake ruɗa ka.

Me ya sa ake nema wa maganin raɗaɗi ɗan rakiya?

Magungunan raɗaɗi masu ƙarfi, dangin mofin da tramol da kodin da pentazocine, suna aiki sosai, amma suna da tsada a jiki. Jiki yana sabawa da su har ya zama adadin jiya bai isa yau ba. Suna kawo amai da taurin bayan gida, suna rage numfashi idan sun yi yawa, kuma suna kama mutum ya kasa rabuwa da su.

Mu a Arewa ba sai an ba mu labari ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya cikin shekara guda, kuma miliyan 4.6 daga ciki magungunan raɗaɗi irin su tramol suka sha ba bisa umarnin likita ba. A watan Mayun wannan shekarar ce gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin.

A ɗaya gefen kuma akwai masu buƙata ta gaskiya. Kimanin jarirai 150,000 ake haifa da sikila kowace shekara a ƙasar nan, kuma duk wanda ya taɓa jinyar mai sikila lokacin da ciwon ya tashi ya san abin da ake kira raɗaɗi. Ga masu ciwon daji, ga waɗanda aka yi wa tiyata, ga waɗanda suka yi haɗarin mota. Waɗannan ba za a ce su yi haƙuri kawai ba.

A nan ne tunanin ɗan rakiya ya shigo. Ɗan rakiya magani ne da ba don raɗaɗi aka ƙirƙire shi ba, amma idan aka haɗa shi da maganin raɗaɗi sai ya ƙara masa ƙarfi, ko ya sa ɗan kaɗan ya wadatar. Wannan ba sabon abu ba ne a asibiti: amitriptyline na ciwon damuwa ne, gabapentin da carbamazepine na farfaɗiya ne, amma duk likitoci na ba da su don raɗaɗin da ke fitowa daga lalacewar jijiya. Tambayar ita ce, shin magungunan taɓin hankali ma za su iya shiga wannan sahu?

Tsohuwar dangantaka

Wani abin mamaki shi ne waɗannan magunguna ba daga asibitin masu taɓin hankali suka fara ba. A watan Disambar 1950 wani masanin sinadarai mai suna Paul Charpentier ya haɗa chlorpromazine a kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa. Wanda ya fara ɗokinsa likitan tiyata ne, Henri Laborit, da ke neman abin da zai kwantar wa majinyaci hankali kafin a yi masa aiki, ya kuma rage yawan maganin sa barci da ake buƙata. Sai a 1952 Jean Delay da Pierre Deniker suka gwada shi a kan masu taɓin hankali a asibitin Sainte-Anne da ke Paris, daga nan ya zama maganin da aka sani da sunan Largactil.

Shi kuwa haloperidol, a 1958 aka samo shi a kamfanin Paul Janssen da ke Beljiyam, a daidai lokacin da suke jujjuya sinadarin pethidine suna neman sabon maganin raɗaɗi mai ƙarfi. Wato farautar maganin raɗaɗi aka fita, aka dawo da maganin taɓin hankali. Daga wannan gida ne kuma fentanyl da droperidol suka fito, aka riƙa haɗa su a allura ɗaya a ɗakin tiyata shekara da shekaru.

Akwai wani ɗan labari a tarihin chlorpromazine da ya kamata mai karatu ya riƙe, don za mu dawo kansa. Wata mai bincike a kamfanin, Simone Courvoisier, ta koya wa ɓeraye hawa igiya da zarar sun ji ƙararrawa, don guje wa ɗan jan lantarki da ke biyo baya. Da aka ba su maganin, sai suka ji ƙararrawar amma suka yi biris. Ba kurumcewa suka yi ba, damuwa ce kawai suka daina yi.

Yadda saƙon raɗaɗi ke tafiya

Ka ɗauki jikinka kamar hanyar sadarwar waya. A fata da cikin gaɓoɓi akwai ƙananan jijiyoyi masu gano zafi da yanka da kumburi. Su ne wayar da ke tura saƙo. Saƙon yana bi ta jijiya zuwa laka, wadda take kamar turken sabis. Daga laka sai ya haura ƙwaƙwalwa, can ne ake buɗe shi a karanta, sannan ka ce "wash!" Ƙwaƙwalwa kuma tana da nata layin da ke saukowa laka, wanda ke iya rage ƙarar saƙon ko ya ƙara ta. Shi ya sa ɗan ƙwallo zai ji rauni a fili amma bai san da shi ba sai an tashi wasa.

Magani yana aiki ne ta hanyar maƙalewa a wasu 'yan ramuka da ke jikin ƙwayoyin jijiya, waɗanda za mu kira makarɓa. Kamar ramin caji suke: kowanne da irin kan da ke shigarsa. Mofin da danginsa suna shiga makarɓar ofiyoyid. Magungunan taɓin hankali kuwa babban aikinsu toshe makarɓar dofamin da ake kira D2. Sai dai ba su da kai ɗaya. Kamar wayar cajin nan ce mai kawuna da yawa. Suna taɓa makarɓar serotonin, da ta histamin, da ta adrenalin, haloperidol kuma yana kama wata da ake kira sigma-1 da ƙarfi. Da yawa daga cikin waɗannan makarɓa suna kan layin da ke rage ƙarar raɗaɗi. Wannan ne dalilin da ya sa masana ke ganin batun ya cancanci gwaji.

Daga Unguwar Rimi zuwa Samaru

Idan kana zaune a Kawo ko Malali ko Unguwar Sarki, irin wannan aiki bai yi maka nisa kamar yadda kake zato ba. A titin Surame da ke Unguwar Rimi akwai Cibiyar Binciken Cutar Sammore ta Nijeriya, wato NITR, wadda asalinta tun zamanin Turawa ne. Aikinta binciken ƙudan tsando da cututtukan da yake yaɗawa, amma tana kiwon fararen ɓerayen gwaji, kuma idan ka buɗe rahotannin binciken ɗaliban kimiyya na wannan yanki za ka ga da yawa sun rubuta cewa daga nan suka samo dabbobinsu.

Ba nisa da nan, a titin Tafawa Balewa, akwai Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, wadda ke da tsangayar kimiyyar harhaɗa magunguna, kuma asibitin koyarwarta shi ne Barau Dikko. Idan ka miƙe hanyar Zariya ka isa Samaru, sashen nazarin aikin magunguna na Jami'ar Ahmadu Bello ya daɗe yana amfani da gwaje-gwajen da za mu lissafa a ƙasa, musamman wajen auna saiwoyi da ganyayen da masu maganin gargajiya ke cewa suna kashe raɗaɗi. Hanyar da ake gwada sassaƙen itace da ita, ita ce dai ake gwada haloperidol ko olanzapine da ita.

Tsarin kusan ɗaya ne a ko'ina. Ana raba ɓerayen rukuni-rukuni, galibi biyar ko shida a kowane rukuni. Rukunin farko ruwan gishiri kawai ake ba shi, don a ga yadda ɓera ke yi ba magani. Na biyu a ba shi sanannen maganin raɗaɗi kamar mofin. Na uku a ba shi maganin taɓin hankalin shi kaɗai. Na huɗu a haɗa masa biyun. Daga nan sai na'urori.

Gwaje-gwaje huɗu da aka fi yi

Na farko, farantin zafi. Faranti ne na ƙarfe da na'ura ke riƙe zafinsa a wajen digiri 55 na ma'aunin Salshiyas, an kewaye shi da gilashi. A ɗora ɓera a danna agogo, a ga daƙiƙa nawa zai yi kafin ya lashi ƙafarsa ta baya ko ya yi tsalle. Idan ya daɗe fiye da na rukunin ruwan gishiri, sai a ce maganin ya yi aiki. Akwai iyakar lokaci, yawanci bai wuce daƙiƙa 30 ba, da dole a ɗauke shi don kada ƙafar ta ƙone. Salon da aka fi bi a yau na Eddy da Leimbach ne na 1953.

Na biyu, fizge wutsiya. Wannan ya girmi na farko, D'Amour da Smith suka fito da shi a 1941. Ana haska wutsiyar ɓera da fitila mai zafi. Da ya fizge ta, sai wani ɗan firikwensin haske ya tsayar da agogon da kansa. A wuraren da babu na'urar, ana tsoma bakin wutsiyar a ruwan ɗumi a riƙe agogon hannu.

Na uku, murɗawar ciki. Ana yi wa ɓera allurar ruwan tsami mai rauni, kashi 0.6 cikin 100 na asid ɗin da ke cikin binega, a cikinsa. Zai riƙa miƙa jiki yana jan ƙafafun baya. Sai a ƙirga sau nawa ya yi haka cikin minti goma zuwa ashirin. Wannan gwaji na Koster da abokan aikinsa ne na 1959, kuma shi ya fi araha, don ba ya buƙatar komai sai sirinji da agogo da ido.

Na huɗu, gwajin fomalin, na Dubuisson da Dennis a 1977. Ana sa ɗigon fomalin da aka tsarma a tafin ƙafar baya, a auna tsawon lokacin da ɓeran ya ɗauka yana lasa ko cizon wurin. Abin sha'awa a nan shi ne raɗaɗin zango biyu yake zuwa. Zangon farko cikin minti biyar na farko, lokacin da sinadarin ke taɓa jijiya kai tsaye. Sai a ɗan sarara, sannan zango na biyu ya taso daga wajen minti 15 zuwa 30 ko fiye, wanda kumburi da tunzurar laka ke kawowa. Maganin da ya rage zango na biyu ya fi jan hankali, don wannan zangon ya fi kama da ciwon da ke daɗewa a jikin mutum.

Ga tarkon

Ka sake duba gwaje-gwajen nan huɗu. Me ake aunawa a cikinsu? Lasa, tsalle, fizge wutsiya, miƙa jiki. Duk motsi ne. Babu na'urar da ta auna raɗaɗin kansa, don ɓera ba zai buɗe baki ya ce "na ji sauƙi" ba. Ana dai ɗauka cewa idan motsi ya ragu, raɗaɗi ya ragu.

To, babban abin da aka san magungunan taɓin hankali da shi a jikin ɓera shi ne hana motsi. Idan ka ba ɓera haloperidol da ɗan yawa, ka ɗora ƙafafunsa na gaba a kan wata 'yar sanda, haka zai tsaya ƙiƙam kamar gunki, ba zai sauke su ba. Wannan sandarewa sananniya ce har masu bincike na amfani da ita da gangan idan suna son kwaikwayon cutar Parkinson, mai sa makyarkyata da taurin jiki. Chlorpromazine da olanzapine kuma suna sa barci da kasala.

Ka ga ke nan idan ɓeran da aka ba haloperidol ya daɗe a kan farantin zafi bai lashi ƙafa ba, akwai fassara uku. Ko dai bai ji zafin ba. Ko ya ji amma jikinsa ya ƙi motsawa. Ko kuma ya ji amma ya yi biris, kamar ɓerayen Courvoisier da ƙararrawa. Fassara ta farko ce kaɗai ke nufin an sami maganin raɗaɗi. Kamar wayar da fuskarta ta daskare ne: kira yana shigowa, tana ruri a ciki, amma ka danna ka danna ba ta amsawa. Wanda ya hango daga nesa zai ce ba a kira ba.

Yadda ake tsallake tarkon

Mai bincike na ƙwarai ba ya tsayawa a farantin zafi. Zai ƙara da gwajin sanda mai juyawa, na'urar da ake kira Rotarod, wadda Dunham da Miya suka bayyana a 1957. Sanda ce da inji ke juyawa, a ɗora ɓera a kai, dole ya riƙa tafiya ko ya faɗo kan wani faranti da ke tsayar da agogo. Lafiyayyen ɓera zai daɗe a kai. Wanda magani ya kashe wa jiki zai faɗo da wuri. Akwai kuma gwajin buɗaɗɗen fili, akwati ne da aka zana wa layuka a ƙasa, a ƙirga layi nawa ɓeran ya tsallaka. Ƙa'idar ita ce: sai adadin maganin da bai taɓa tafiyar ɓera a waɗannan gwaje-gwaje ba ne za a yarda da sakamakonsa a gwajin raɗaɗi.

Mataki na gaba shi ne gano ta wace ƙofa maganin ya bi. Akwai wani magani, naloxone, da ke toshe makarɓar ofiyoyid. Idan aka fara ba ɓera naloxone sai sauƙin ya ɓace, an san ta wannan ƙofar aka bi. Idan sauƙin ya ci gaba, sai a nemi wata ƙofar.

Sannan akwai lissafi. A ce, don misali kawai, awo 10 na magani na farko yana rage raɗaɗi da rabi, awo 10 na na biyu ma haka. Idan ka haɗa biyar da biyar ka sami rabin, babu wani abin mamaki, tarawa ce kawai. Amma idan biyu da biyu suka ba ka rabin, to magungunan suna ƙarfafa juna ne. Wannan shi ne ainihin abin da ake nema daga ɗan rakiya, kuma akwai jadawali na musamman da ake zanawa don tabbatar da shi.

Abin da ɓeraye suka nuna

A 1994 Chien da Gavril Pasternak, a cibiyar ciwon daji ta Memorial Sloan Kettering da ke New York, sun nuna cewa haloperidol yana ƙara wa mofin ƙarfi a jikin ɓeraye, kuma sun danganta hakan da makarɓar sigma, ba ta dofamin ba. A 2005 masu bincike a Jami'ar Granada ta Sifen suka bi sawu da gwajin fomalin. Dabarar da suka yi ita ce, ban da haloperidol kansa, sun gwada sinadaran da jiki ke mayar da shi bayan an sha, waɗanda ke kama sigma-1 amma ba su da ƙarfi sosai a kan D2. Su ma sun rage raɗaɗin. Sun kuma ga cewa ɓerayen da aka cire wa makarɓar sigma-1 tun daga halitta ba sa jin raɗaɗin fomalin kamar sauran. Wannan ya raba gardama tsakanin sandarewa da sauƙi na gaskiya.

Ka lura da inda wannan ya kai masana. Bai kai su ga cewa a riƙa raba wa masu ciwo haloperidol ba. Ya kai su ga neman sabon magani da zai toshe sigma-1 kaɗai ya bar dofamin, kuma kamfanin Esteve na Sifen ya haɗa irinsa har ya kai mataki na biyu na gwaji a kan mutane. Sau da yawa amfanin gwajin ɓera ke nan: yana nuna ƙofa, ba ya ba da takardar sayen magani.

A jikin mutane fa?

A nan murna ke raguwa. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattara gwaje-gwajen asibiti ta tace su, ta sabunta bitarta a kan wannan batu a 2013. Gwaje-gwaje 11 kacal ta samu da suka cika sharaɗi, da mutum 770 gaba ɗaya. Biyar daga ciki sun nuna amfani. Amma gwaje-gwajen ƙanana ne, cututtukan da aka duba sun sha bamban, kuma illolin da suka fi fitowa su ne barci da matsalar motsin jiki. Matsayar da aka cimma ita ce mai yiwuwa a yi amfani da su a matsayin ƙari, amma sai an auna illolin tukuna, kuma ana buƙatar bincike mafi inganci.

Akwai wuraren da suka sami gindin zama. A sashen gaggawa na asibitoci da dama a duniya ana yi wa mai matsanancin ciwon ɓarin kai allurar prochlorperazine ko chlorpromazine. Masu kula da majinyatan da ciwon daji ya ci ƙarfinsu suna amfani da haloperidol da levomepromazine, galibi don amai da ruɗewa. Duk wannan a gaban likita ake yi, ana duba hawan jini da bugun zuciya.

Kuma tarihi ya koya wa masana taka-tsantsan. A shekarun 1990 an sa rai sosai a kan wasu magunguna masu toshe makarɓar NK1, don sun yi abin a zo a gani a jikin dabbobi. Da aka kai su kan mutane, ba su kashe raɗaɗi ba. Ɗaya daga cikinsu, aprepitant, ya ƙare a matsayin maganin amai ga masu shan maganin ciwon daji.

Inda kyamara da AI suka shigo

Tun da matsalar ita ce dogaro da motsi, masana sun koma duban fuska. A 2010 ɗakin binciken Jeffrey Mogil na Jami'ar McGill a Kanada ya fitar da ma'aunin yamutsa fuskar ɓera. Abubuwa biyar ake dubawa a hoto: runtse ido, kumburin hanci, kumburin kumatu, yanayin kunnuwa, da yanayin gashin baki, kowanne a ba shi maki 0 ko 1 ko 2. A 2018 masu bincike a Jami'ar North Carolina suka horar da ƙirƙirarriyar basira, wato AI, da dubban hotunan fuskokin fararen ɓeraye, har ta iya bambance mai jin ciwo da marar ji da daidaiton da ya haura kashi 90 cikin 100. Dangin fasahar da ke gane fuskarka ta buɗe maka waya ce.

A 2018 ɗin ne kuma aka saki DeepLabCut, manhaja ta kyauta da ke bin kowace gaɓa ta dabba a cikin bidiyo ba tare da an maƙala mata komai ba. Ga ɗalibi a Kaduna ko Zariya da ba shi da kuɗin sayen na'urar ƙasar waje, wannan babbar dama ce: kyamarar waya mai kyau, da wurin kafa ta, da kwamfuta, sun isa a ɗauki bidiyon gwaji a sake ƙirgawa a tsanake, maimakon dogaro da idon mutum ɗaya da ya gaji.

Kyamara tana da wani amfanin kuma. A 2014 ɗakin binciken Mogil ya gano cewa ɓeraye suna nuna ƙarancin raɗaɗi idan namiji ne ke tsaye a ɗakin, ko ma rigar da namiji ya kwana da ita aka ajiye, saboda warin yana tayar musu da hankali, tashin hankali kuma yana danne raɗaɗi na ɗan lokaci. Wato jinsin mai riƙe agogo ma yana iya canza sakamako. Sai dai fuskar ma ba ta tsira gaba ɗaya ba, don ɓeran da magani ya sa wa gyangyaɗi zai runtse ido ko ba ya jin ciwo.

Haƙƙin dabbar

Wani zai ce, wannan ai azabtar da dabba ce. Tambaya ce mai kyau, kuma masana ba su kau da kai daga gare ta ba. Tun 1959 Russell da Burch suka shimfiɗa ƙa'idoji uku da ake bi har yau: a maye gurbin dabba da wata hanya idan akwai, a rage yawan dabbobin da ake amfani da su, a kuma gyara hanyar gwajin don wahalar ta ragu. Iyakar lokacin da muka ambata a farantin zafi misali ce ta rage wa dabba wahala. A Jami'ar Ahmadu Bello akwai kwamiti na musamman mai kula da amfani da dabbobi, wanda ke duba tsarin bincike ya ba da lambar izini. Gwajin da aka yi sakaka, ba rukunin ruwan gishiri, ba sanda mai juyawa, asara biyu ne: an wahalar da dabba, kuma ba a sami ilimi ba.

Gargaɗi ga mai karatu

Kada wannan bayani ya sa wani ya je kemis neman Largactil ko haloperidol don ciwon baya ko ciwon haƙori. Ƙwaya ɗaya tana iya murɗe wa mutum wuya, ta kafe masa ido sama, ta fito masa da harshe, kuma samari sun fi kowa faɗawa wannan. A gidajenmu irin haka kan sa a ce iska ce, alhali magani ne. Akwai rashin iya zama wuri ɗaya, akwai faɗuwar hawan jini, akwai rikicewar bugun zuciya da kan iya kisa, akwai ƙiba da ciwon suga ga masu shan olanzapine na dogon lokaci, akwai kuma motsin baki da harshe da kan zauna wa mutum har bayan ya daina sha. Ƙwayar Exol da wasu matasa suka mayar abin maye, asalinta likitoci na ba da ita ne don rage taurin jiki da makyarkyatar da waɗannan magunguna ke jawowa.

Haɗa su da tramol ya fi muni. Dukansu suna sauƙaƙa tashin farfaɗiya, dukansu suna danne ƙwaƙwalwa, kuma haloperidol da chlorpromazine suna hana hanta sarrafa tramol yadda ya kamata. A ɗaya ɓangaren, wanda likita ya ɗora a kan waɗannan magunguna saboda lalurar ƙwaƙwalwa kada ya daina don ya karanta illolinsu a nan. Ya koma wurin likitansa, ko a Barau Dikko, ko a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a tsallaken kogi.

Kafin ka danna "tura"

Duk ranar da saƙon "bincike ya gano" ya shigo wayarka, yi masa tambayoyi biyar. A jikin wa aka gwada, ɓera ko mutum? Su nawa ne? Da me aka kwatanta maganin? Idan maganin raɗaɗi ne, an tabbatar ba barci ko sandarewa ya sa dabbar ba? Sannan wace jami'a ko mujallar kimiyya ce ta fitar da shi, a wace shekara? Idan saƙon bai amsa ko biyu daga ciki ba, bar shi a wayarka.

Ɗaliban kimiyyar magunguna da ke bibiyar wannan shafi, musamman na Kaduna da Zariya, muna son jin yadda kuke gudanar da waɗannan gwaje-gwaje a makarantunku, da ko kun taɓa gwada ɗaukar su da kyamarar waya. Ku ajiye mana bayani a ƙasa.